Daga Madani Zuwa Mai Wurno: Yaran da Suka San Japan Kafin Su San Kano

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin titin da ya tashi daga Hartum ya yi kudu, ya ratsa Wad Madani da Sinnar da Sinja har Damazin, ya san ba zai rasa wanda zai gaisa da shi da Hausa ba. A tasha ga mai agashe, wato tsirenmu ne da sunan da Sudan ta ara daga bakinmu. A gona ga masu tsinkar auduga, a bakin kogi ga masunta. Manya kam ba matsala, da ka ce "sannu da aiki" za ka ga fuska ta saki. Wajen yara ne lissafin yake canzawa. Tara yara goma 'yan shekara shida ko bakwai a kowane ƙauye na wannan hanya, ka tambaye su ina ne Kano, ina ne Sakkwato. Wani zai ce can wajen Najeriya, wani ya ce garin Habboba ne, wato kaka, sauran su yi shiru suna kallon ƙafafunsu. To ka ce musu "Yaban" fa, yadda Larabawa ke kiran Japan. Nan take baki zai buɗe, kowa na son ya riga ɗan'uwansa magana.

Ta ƙofa biyu Japan ta shiga waɗannan ƙauyuka, ba tare da ta aiko da malami ko ɗaya ba. Ta farko mota ce. Toyota Hilux, wadda a Sudan ake ce wa boksi, ita ce jakin ƙauye: ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke ɗaukar amarya, ita ke fitar da buhunan riɗi zuwa kasuwa. Yaro kafin ya iya rubuta sunansa ya san harufan da ke bayan boksi, kuma motar da yake ƙerawa da gwangwani da murfin kwalba kamanninta yake kwaikwayo. Ƙofa ta biyu talabijin ce. Iyayen yaran nan sun tashi da Girandaiza da Adnan wa Lina, 'ya'yansu kuma sun tashi da tashar Spacetoon da ta fara aiki a 2000. Uwa uba Kaftin Majid, yaron nan mai ƙwallo. Duk finafinan katun ne na Japan da aka juya zuwa Larabci. Daga baya hukumar JICA ta Japan ta zo Jihar Jazira a shekarun 2010 tana koya wa manoma noman shinkafar tudu, amma wannan zancen manya ne, bai kai kunnen yara ba.

Bari in ɗan zana wa wanda bai taɓa zuwa ba yadda ƙasar take. Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai tsakanin koguna biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Ƙasar baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kama tayar mota kamar ƙaro. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka ja ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin auduga, kuma bayan an ƙara yankin Managil girman gonakin ya kai wajen fadan miliyan 2. Kowane manomi da hawasharsa, wato yankin gonar da aka ba shi. Mutanenmu da yawa ba su samu hawasha ba. Ƙwadago suka shigo yi, wasu a hanyarsu ta zuwa Makka, wasu a hanyar dawowa, suka kafa 'yan unguwanni a gefen magudanai da ake kira kambo, jam'insa kanabi. An yi niyyar kwana kaɗan ne, ga shi jikoki da tattaɓa-kunne suna nan.

Mai Wurno kuwa labarinta daban ne. Tana kudu da Sinnar, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a mota. Bayan yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ci gaba da hijira gabas. Wajen 1906 suka iso wannan yanki, suka fara sauka a Shaikh Talha da ke ɗaya gaɓar, sannan suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Har yau akwai gidan sarauta, ana cewa Sultan. Fulatanci da Hausa da Larabci duk suna yawo a kasuwar garin, wani lokaci a cikin jimla ɗaya. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, wanda ɗan garin ne, ya fitar da littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sauya kama saboda zama da Larabci. Ni ban kai can a karatu ba, amma kunnena ya ji abin da yake nufi. Yaro zai ce maka zai tafi "suk" ya dawo ya wuce "madrasa", kuma a ransa Hausa tsantsa ya yi.

Sayen riɗi da zoɓo ne ke kai ni yankin, galibi bayan girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba. A zuwana na ƙarshe kafin yaƙi na sauka a wani ƙauye tsakanin Sinnar da Sinja, gidan wani abokin ciniki da muka daɗe tare. Mota ta yi mana jinkirin kwana uku, sai zaman ya zama na kallo. 'Yar ƙanensa, yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba, tana tara ƙananan yara a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara, daga hantsi zuwa azahar. Yaran na ce mata Ustaza. Ba albashi, sai abin da iyaye suka kawo, wani dawa, wani sabulu. Kujera babu, allo ɗaya ne, sai tabarmi biyu da tulin tsofaffin kwalaye da ta roƙo daga masu shaguna.

Ranar farko na tarar tana koya musu ninke takarda. A waya ta gani ta koya, abin da Japanawa ke kira origami. Daga fallen tsohon littafin lissafi sai ga kwalekwale, sai ga kwaɗo mai tsalle idan an danna bayansa, sai ga tsuntsu mai dogon wuya irin gauraka. Na ce mata, "'Yata, wannan wasa ne ko karatu?" Ta ce, "Baba, tsaya ka ji." Ashe duk ninki sai ta faɗi sunansa da Hausa, yaran su maimaita: rabi, kwata, kusurwa, dama, hagu, sama, ƙasa, kifa, buɗe. Yaron da a gida ba ya amsa wa kakarsa sai da Larabci, ga shi yana ihun "Ustaza, nawa ya karkace!" don yana son kwaɗonsa ya yi tsalle kamar na kowa. Nan na gane dabararta. Japan ce ƙugiya, Hausa ce ake son kifin ya haɗiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne akwatin tatsuniya. A Japan, tun shekarun 1930, akwai wasu mutane da ke yawo unguwa-unguwa a kan keke da ɗan akwatin katako a baya. Mutum zai tsaya, ya buga 'yan katakai biyu yara su taru, ya sayar musu da alewa, sannan ya riƙa zaro hotuna ɗaya bayan ɗaya daga cikin akwatin yana ba da labari. Wanda ya sayi alewa shi ke tsayawa a gaba. In labari ya kai inda ya fi daɗi sai ya rufe akwati, ya ce sai gobe. Sunan abin kamishibai, kuma talabijin ce ta kashe masa kasuwa a shekarun 1950. Ni dai da na ji wannan na ce wallahi wannan ɗan kasuwa ne na gaske, ya san yadda ake sa mai saye ya dawo da ƙafarsa.

Ustaza ta yanke gaban kwalin biskit ya zama taga, ta zana hotuna takwas da gawayi da shuɗin wanki da jan zoɓo. Amma ba labarin Japan ta zana ba. Gizo ne da Ƙoƙi. Kuma ba ita ke ba da labarin ba, wata tsohuwa ce maƙwabciya ake ɗauko wa, a zaunar da ita a kan angarib, gadon igiya na Sudan, ita tana faɗa Ustaza na zaro hoto. Tsohuwar nan da farko ta ƙi, ta ce ba a tatsuniya da rana, kowa ya san abin da ake cewa yana samun mai yi. Sai da aka mayar da abin bayan magariba, da fitilar waya a cikin kwalin. Ranar da na halarta yara sun fi talatin, har da iyaye mata a tsaye a baya suna riƙe baki. Da Gizo ya shiga cikin giwa yana yankar nama, sai ta rufe kwali. Kai, ka ga rigima! Wani ɗan ƙaramin yaro har da kuka, yana jan zanen tsohuwar yana cewa, "Habboba, ya fito? Ya fito?"

Tsohuwar ta gaya mini daga baya cewa jikokinta sun fi shekara biyu ba su nemi tatsuniya a wurinta ba, tun da aka sa sola a gidan maƙwabta aka kunna talabijin. Ta ce, "Alhaji, ba labarin ne ya tsufa ba, ido ne ya ƙwace wa kunne sarauta." Ita ma ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, a nan aka haife ta. Gizon da take bayarwa daga bakin kakarta ta karɓe shi, wadda ta taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur.

Sauran abubuwan da take yi ba duka ne suka kama ni ba. Ta ɗinka 'yan jakunkuna da ƙyalle ta cika da wake, irin wasan da kakanni mata a Japan ke koya wa jikoki, otedama, ana cillawa ana cafewa. 'Yan matan suka dube ta suka ce ai carabke ce, suka koma kan duwatsunsu. Ta nuna musu sumo a waya, yara maza suka yi ta dariyar ƙibar 'yan wasan, amma suka yarda kokawa ce, har aka share fili. Ta ba su labarin ranar 5 ga Mayu, ranar yara a Japan, da ake rataye tutoci masu siffar kifi don kifin nan yana haurawa sama da ƙarfin ruwa. 'Ya'yan masunta ba su buƙaci bayani ba, sun sha ganin kifi na fama da ruwa a ƙasan madatsa. An yi kifaye da buhun siminti aka ɗaura a gora, iska ta yaga su kafin la'asar. A ganina irin wannan kwalliya ce ta rana ɗaya. Abin da yaro zai riƙe shi ne wanda ake maimaitawa kullum, kamar sharar rumfa da ta ɗora musu kafin a tashi, da jera takalma a bakin tabarma. Ta ce musu yaran Japan da kansu suke share ajinsu, kuma gaskiya ne. Na yi dariya a raina, don almajirin makarantar allo ya daɗe yana yi ba wanda ya yaba masa.

Rana ta uku aka yi muhawarar da ta sa na ɗauki biro. Ustaza ta gaya musu cewa Kaftin Majid ba sunansa Majid ba. Sunansa Tsubasa, wani Bajapane mai suna Yoichi Takahashi ne ya ƙirƙire shi a 1981, kuma Bassam da Walid duk suna da sunayensu na asali. Yaran suka ƙi yarda. Ya za a yi mai Larabci irin wannan ya zama ba Balarabe ba? Sai ta ce, "To ku fa? Da wane harshe kuke magana a madrasa? A kasuwa wa ake ce da ku?" Wata yarinya ta ce, "Falata." Ta ce, "A gida fa?" Shiru ya ɗan yi tsawo, sannan wani ya ce, "Hausa." Ba ta ƙara komai a kai ba, ta ce a ɗauko takardu.

Mai masaukina bai ji daɗin wannan ba, kuma ba zan ɓoye hujjarsa ba don tana da nauyi. Ya ce, "Alhaji, kai baƙo ne, jibi za ka hau mota. Mu nan aka binne kakanninmu, amma har gobe in an je neman takardar ɗan ƙasa sai an yi wa wasunmu tambayar da ba a yi wa wasu. Yaro ya iya Larabci tsab, ya yi karatu, ya samu aiki. Me Gizo zai ƙara masa in ban da a nuna shi da yatsa?" Wannan magana ya yi ta ne 'yan watanni bayan abin da ya faru a Jihar Shuɗin Nilu. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan batun ƙasa da sarautar gargajiya, aka kashe mutum sama da 100 a wajajen Rusairis da Damazin, a Oktoba kuma aka sake yi a Wad al-Mahi, inda wajen 200 suka rasu. Dubbai suka gudo Sinnar da Farin Nilu. Wasu daga cikin yaran da ke ƙarƙashin rakubar nan 'yan gudun wannan rikici ne. Mutumin da ya ga haka, in ya ce a rage fito da kai, ba za ka ce masa matsoraci ba.

Duk da haka ban bi bayansa ba, kuma Japanawan ne suka ba ni abin faɗa. Shekara biyar bayan Burmi, ranar 18 ga Yunin 1908, wani jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya tsaya a tashar Santos ta Birazil da Japanawa 781 da suka je ƙwadago a gonakin gahawa. Su ma da niyyar tara kuɗi su koma suka je, kamar yadda namu suka yi niyyar sauke farali su koma. Su ma ba su koma ba. A 1938 gwamnatin Getulio Vargas ta rufe makarantunsu na harshe, daga baya aka hana jaridunsu. Yau zuriyarsu ta kai wajen mutum miliyan 2, 'yan Birazil ne cikakku, akwai likitoci da 'yan majalisa, kuma mafi yawan jikokin harshen Fotugal kaɗai suke ji. Amma ƙungiyoyinsu na gari-gari ba su daina tara yara ba: ranar wasannin guje-guje ta iyali, ajin harshe na ƙarshen mako, ninke takarda, girkin kaka. Wannan bai rage musu zama 'yan ƙasa ba. Kuma da Japan ta buɗe ƙofar aiki ga zuriyarsu a 1990, wanda ya riƙe ko da rabin harshen ya fi wanda ya sake shi samun sauƙi. Na ce wa mai masaukina, wanda zai nuna ɗanka da yatsa ba ya jiran ya ji Gizo a bakinsa. A'isha Falatiya da ta cika rediyon Omdurman da waƙa tun shekarun 1940, sunan na manne da ita har ta rasu a 1974, kuma Sudan na alfahari da ita.

Akwai kuma lissafin kasuwa, wanda mu ba ma jin kunyar yinsa. Hausar da yaron Sinja zai riƙe ita ce za ta saya masa kaya a Kantin Kwari, ta sama masa masauki a Maradi, ta fitar da shi kunya a Jidda da Zongon Kumasi. Kafin in tafi na zuba wa yaran riɗi a tafin hannu, na zana musu taswira a ƙasa da tsinke: ga Sinnar, ga Bur Sudan inda jirgi ke ɗauka, ga Kano da kasuwar Dawanau inda ake tara irinsa, ga Japan can ƙarshen gabas, ƙasar da ke cin riɗi sosai amma kusan dukkansa daga waje take saye, Najeriya na cikin manyan masu sayar mata. Wani yaro ya tambaye ni ko Kaftin Majid na cin riɗin babansa. Na ce ba mamaki. Wannan ko a Kwatano kake zaune ko a Libreville za ka iya yi wa naka 'ya'yan da kayan da kake sayarwa, ba ya cin ko sisi.

Na tambayi Ustaza ko ta ba su labarin Sadako Sasaki, yarinyar Hiroshima da bam ɗin 1945 ya samu tana da shekara biyu, ta yi ta ninke tsuntsayen takarda a gadon asibiti har ta rasu a 1955. Ta ce ta sani, amma sun yi ƙanƙanta da labarin yaƙi, waɗanda suka zo daga Rusairis ma so take su manta.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. A Disambar wannan shekara Wad Madani ta faɗi, a ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta bi. Soja sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Madani kuma a Janairun 2025, amma mutanen kanabi sun sha wuya a hannun kowane ɓangare, kafin da bayan haka. Motocin Toyota da yara ke kwaikwaya da gwangwani, 'yan'uwansu ne aka ɗora wa bindiga. Iyalin mai masaukina sun rabu uku: shi ya tsaya kan gona, matan da yara suka yi Gadarif, wasu suka wuce Kasala. Watanni da dama ba waya, sai in wani ya je kasuwa ya biya kuɗin sa'a ɗaya a wurin masu Starlink.

Saƙon da na samu na baya-bayan nan daga Gadarif ne. Ustaza na cikin wata makaranta da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, ta samu kwalin man girki ta sake yanke taga. Yaran yanzu gauraye ne, da 'ya'yan Hausawa da na wasu ƙabilu daga Jazira da Sinnar, don haka tana faɗa da Hausa ta maimaita da Larabci. Tsohuwar ba ta iya tafiya ba, tana ƙauye. In an samu intanet sai wani jikanta ya ɗauki muryarta a WhatsApp ya tura, minti huɗu ko biyar, a kunna wa yara a bakin kwalin. Ustaza ta ce takarda ce ta yi tsada, yanzu da bayan katin rabon abinci da ya ƙare suke ninke kwaɗo, kuma ta roƙe ni in wani zai zo ta Bur Sudan in haɗo shi da fensir mai launi, don shuɗin wanki ma ya gagara.